Tarihin Kwamfutar Nutso da Abin da Ya Kamata Ka Duba Kafin Ka Saya



Wataƙila ka yi mamakin ganin batun nutso a teku a shafin da aka saba maganar hawan jini da zazzaɓin cizon sauro. Dalili shi ne, mutanenmu sun fara shiga wannan harka. Akwai matasan da ke neman aikin nutso a rijiyoyin man da ke cikin teku a kudancin Najeriya, akwai ɗalibanmu da ke karatu a Masar da Malesiya, akwai kuma iyalan da kan je hutu gaɓar Bahar Maliya ko tsibirin Zanzibar, inda ake tallata wa baƙo nutso da tukunyar iska goye a baya. Wanda ya koya ya ji daɗin abin, ba a jimawa za a ce masa ya sayi kwamfutar nutso, wata na'ura mai kama da babban agogon hannu. Daga nan sai a ba shi zaɓi tsakanin wadda ke lissafin zurfi da lokaci kaɗai, da wadda ke haɗe da tukunyar iska tana faɗa masa abin da ya rage a cikinta.

Ba za ka yi wannan zaɓi da basira ba sai ka san ciwon da aka ƙera na'urar domin kauce masa. Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, saboda haka da idon mai awon magani nake kallon lamarin. Iskar da mai nutso ke shaƙa tana da ƙima kamar kowane magani: zurfi shi ne ƙarfinta, lokaci shi ne yawan shanta, kuma akwai iyakar da in an ƙetare ta lafiya kan salwanta.

Abin da ruwa ke yi wa iska

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin. Jiki yana amfani da oksijin, amma naitirojin shiga take yi ta fita ba tare da ta yi wani aiki ba. A bakin teku, nauyin iskar sama a kan jikinmu shi ake ƙirgawa a matsayin matsi ɗaya. Duk mita 10 da mutum ya nutsa a cikin teku, ruwa zai ƙara masa wani matsi ɗaya. A mita 10 matsi biyu ke nan, a mita 30 kuma huɗu.

Masuntan da ke nutso da numfashin da suka riƙe a ƙirji, irin waɗanda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, da numfashi ɗaya suke sauka kuma da shi suke dawowa cikin ɗan lokaci. Mai tukunya a baya ya sha bamban da su, domin na'urar da ke bakinsa tana ba shi iska daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. A mita 30, kowane numfashinsa yana ɗauke da naitirojin ninki huɗu, ita kuwa sai ta riƙa narkewa cikin jini, daga jini ta shiga tsoka da kitse da laka.

Ka dubi kwalbar lemo mai gas. Muddin tana rufe ba ka ganin komai a ciki. In ka sassauta marfin a hankali, gas ɗin zai fice ba hayaniya, in kuwa ka ɓalle shi gaba ɗaya sai kumfa ta taso. Haka jikin mai nutso yake idan ya yi gaggawar fitowa. Kumfar naitirojin kan tsaya a gaɓoɓi ta haddasa ciwo mai tsanani, ko ta taɓa lakar gadon baya ƙafafu su shanye, ko ta kai huhu da ƙwaƙwalwa.

Tun a 1670 masanin nan na Ingila, Robert Boyle, ya ga alamar wannan. Ya sa maciji a cikin gilashi, ya zuƙe iskar da ke ciki, sai ya hangi ƙwayar kumfa tana motsi a cikin idon macijin. Ya rubuta abin da ya gani, amma sai da aka shafe kusan shekara ɗari biyu kafin a gane abin da yake nufi ga ɗan'adam.

Ciwon ma'aikatan gada

A kan tudu ciwon ya fara bayyana sosai. A 1841 wani injiniyan Faransa mai suna Jacques Triger ya ƙirƙiro dabarar haƙar kwal a ƙasa mai ruwa kusa da kogin Loire, inda ake tura iska mai matsi cikin rami domin ta hana ruwa shigowa. Shi da kansa ya lura wasu ma'aikatansa suna kukan ciwon gaɓoɓi bayan sun fito. A 1854 wasu likitocin Faransa biyu, Pol da Watelle, suka tabbatar da cewa ma'aikaci lafiyarsa lau muddin yana cikin matsi, sai ya fito ne ciwon ke kama shi, kuma in aka mayar da shi ciki yakan samu sauƙi.

Wannan dabara ta tura iska ita aka yi amfani da ita wajen kafa ginshiƙan manyan gadoji a Amurka. Akan nutsar da ƙaton akwati marar gindi zuwa ƙasan kogi, a cika shi da iska mai matsi, ma'aikata su shiga su yi ta haƙa. A gadar Eads da ke kan kogin Mississippi a birnin St. Louis, wadda aka buɗe a 1874, ma'aikata fiye da goma suka rasu. Likitan aikin kansa, Alphonse Jaminet, ya sauka duba ma'aikata, ya fito da sauri, ya kwanta da shanyewar jiki kafin daga baya ya farfaɗo. A gadar Brooklyn ta birnin New York, ciwon ya kama babban injiniyan aikin, Washington Roebling, a 1872, ya tsare shi a ɗaki. Matarsa Emily ce ta koyi lissafin aikin, ta zama mai kai umarninsa wurin ma'aikata har aka buɗe gadar a 1883. Ka ga tun farko iyali ne ke ɗaukar nauyin wannan ciwo tare da majinyaci.

A tsibiran Girka, musamman Kalymnos da Symi, masu tsinko soson teku sun karɓi rigar nutso mai hular ƙarfe tun daga shekarun 1860. Rigar ta ba su damar daɗewa a zurfi, riba ta ƙaru, amma ba wanda ya koya musu ƙa'idar fitowa. Maza da dama suka mutu, wasu suka koma gida a gurgunce. Har yau mutanen Kalymnos suna da rawar gargajiya da ake yi da sanda, wadda ke kwaikwayon tafiyar mai nutson da ƙafafunsa suka shanye.

Paul Bert da awakin Haldane

Wanda ya warware asirin shi ne Paul Bert, masanin aikin jiki ɗan Faransa. A babban littafin da ya wallafa a 1878 ya nuna cewa kumfar ta naitirojin ce, ya ba da shawarar fitowa a hankali, ya kuma nuna amfanin shaƙar oksijin ga wanda ciwon ya kama. Shi ne kuma ya gano cewa oksijin kanta, in matsinta ya yi yawa, tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai dai cewa a fito a hankali bai wadatar ba, kamar dai likita ne ya ce ka sha magani kaɗan bai faɗa maka ƙwaya nawa ba. Wanda ya sa wa maganar adadi shi ne John Scott Haldane, likita ɗan Sikotilan, wanda rundunar sojan ruwan Ingila ta ɗora wa aikin. Shi da abokan aikinsa Boycott da Damant sun yi gwaji da awaki a cikin ɗakin ƙarfe mai matsi a cibiyar Lister da ke Landan, suka wallafa sakamakon a 1908.

Haldane ya lura cewa mutum kan daɗe a zurfin mita 10 ya fito kai tsaye bai kamu ba, wato jiki yana jure a rage masa matsi zuwa rabi. Ya kuma fahimci cewa sassan jiki ba sa shan naitirojin da sauri ɗaya. Sai ya raba jiki gida biyar a lissafi, kowane gida da lokacin da yake ɗauka kafin ya cika rabi: minti 5, 10, 20, 40 da 75. Duk mai aikin magunguna zai gane wannan lissafi, domin irinsa muke yi wajen sanin lokacin da rabin magani ke barin jini, kuma da shi ake yanke ko a sha sau biyu a rana ko sau uku. Daga wannan lissafi Haldane ya fitar da jadawali mai cewa: in ka kai zurfi kaza na minti kaza, ka tsaya a mataki kaza na minti kaza kafin ka fito. Kusan duk kwamfutar nutson da ke kasuwa a yau jikanyar wannan jadawali ce.

Idan mutum ya daɗe ƙwarai a zurfi, duk gidajen nan cika suke yi, fitarsa kuma sai ta ɗauki kwanaki. Mun ga misalin haka a ruwan Najeriya. A watan Mayun 2013 jirgin ruwan Jascon 4 ya kife a teku daura da jihar Delta, mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan kwana biyu da rabi a wani lungu mai ragowar iska, a zurfin kimanin mita 30. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su haura da shi sama kai tsaye ba, domin yin haka zai iya kashe shi. Cikin ƙararrawar nutso suka sa shi, daga nan zuwa ɗakin matsi, inda ya ƙara fiye da kwana biyu ana rage masa matsi sannu a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa.

Daga jadawali zuwa na'ura

A 1943 Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunyar da ya goya, duk lokacin da ya ja numfashi. Mai nutso ya rabu da dogon tiyon da ke haɗa shi da jirgi, nutso kuma ya zama abin shaƙatawa ga dubban mutane. Amma rabuwa da jirgi ta zo da nauyi biyu. A da, mutanen da ke sama ne ke riƙe masa agogo, su ne kuma ke tura masa iska. Yanzu shi kaɗai zai kula da naitirojin da ke taruwa a jikinsa, shi kaɗai zai kula da iskar da ke ƙarewa a bayansa.

Jadawali yana ɗauka cewa mai nutso ya sauka zuwa zurfi ɗaya ya zauna a can har ƙarshe, alhali mai yawon kallon kifi hawa da sauka yake yi. Saboda haka aka shiga neman na'urar da za ta bi shi tana lissafi. A 1959 kamfanin SOS na Italiya ya fitar da wani ma'auni marar lantarki, mai jakar iska da ke tacewa ta cikin dutse mai ƙananan ƙofofi tana motsa allura. Ya samu kasuwa, amma lissafinsa bai dace da jadawali ba a nutso mai zurfi, har masu nutso suka yi masa laƙabin zolaya mai nufin injin kawo ciwo.

A Suwizalan, Farfesa Albert Bühlmann na asibitin jami'ar Zurich ya shafe shekaru yana gyara lissafin Haldane. Ya kai gidajen jiki zuwa goma sha shida, ya kuma yi la'akari da tafkunan kan duwatsu inda iskar sama ba ta da nauyi sosai. Da ya wallafa lissafinsa a fili a 1983, masu ƙera na'urori suka samu abin ɗorawa a kai. A wannan shekarar ce kwamfutocin nutso na lantarki suka shiga kasuwa sosai: Orca Edge a Amurka, mai girma da nauyi kamar ƙaramin bulo, da Deco Brain a Suwizalan. Bayan 'yan shekaru suka ƙanƙance suka koma tsintsiyar hannu. Daga bisani aka haɗa su da tukunyar iska, da farko ta tiyo, sannan a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Uwatec ya fitar da wadda ke karɓar saƙo daga tukunya ba tare da tiyo ba.

Agogo biyu

Amfanin haɗa kwamfuta da tukunya zai fito maka fili in muka yi ɗan lissafi. Ɗauki tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200, ba shi ne ma'aunin matsin iskar tukunya. Iskar da ke ciki lita 2,400 ce. Al'adar masu nutso ita ce a fito da ragowar ba 50, saboda haka abin da za ka taɓa lita 1,800 ne. A ce kana shaƙar lita 20 a minti idan kana kan tudu. A mita 18 matsi ya kusan ninki uku, za ka riƙa cin lita 56 a minti, iskarka ta kai ka kimanin minti 32, alhali jadawali ya yarje maka kusan awa ɗaya. A nan iska ce za ta fara kiranka. A mita 30 za ka ci lita 80 a minti, iska ta kai minti 22, amma iyakar naitirojin kimanin minti 20 ce, wato ita za ta riga. In kuma tsoro ya kama ka, ko kana fama da igiyar ruwa, numfashinka ya ninka, minti 22 ɗin nan sun koma 11.

Agogo biyu ke nan suna tafiya tare, kuma wanda zai fara bugawa yana sauyawa da zurfi da halin da kake ciki. Kwamfuta mai haɗe da tukunya tana nuna maka su a fuska ɗaya, tana auna yadda kake shaƙa a wannan lokacin, ta faɗa maka mintin da suka rage. Muhimmancin wannan ya bayyana a wani nazari da masu bincike na ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, suka wallafa a 2008 a kan mutuwar mutum 947 tsakanin 1992 da 2003. A cikin waɗanda aka gano mafarin hatsarinsu, ƙarancin iska ne ya zo kan gaba da kashi 41 cikin ɗari. Wanda iskarsa ta ƙare yakan ruga sama a firgice, in ya riƙe numfashi kuwa iskar da ke huhunsa za ta kumbura, domin daga mita 10 zuwa sama ninkawa take yi, ta iya yaga huhu ta tura kumfa zuwa ƙwaƙwalwa.

Abin dubawa kafin saye

Na farko, ka tambayi lissafin da take amfani da shi. Wasu na Bühlmann suke bi, wasu kuma wasu hanyoyin, kuma kwamfutoci biyu a zurfi ɗaya kan ba da lokaci daban. Ka zaɓi wadda za ka iya ƙara wa tsantseni, ka ƙara ɗin in shekarunka sun ja, ko kana da ƙiba, ko za ka yi nutso kwanaki a jere. Wadda ta fi ba ka lokaci a ƙasa ta fi kusantar da kai ga iyaka ne kawai.

Na biyu, tiyo ko marar tiyo. Mai tiyo ta fi araha, saƙonta ba ya yankewa, amma sai ka lalubo ta ka ɗago kafin ka duba. Marar tiyo tana hannunka koyaushe, sai dai tana da ƙaramar na'urar aika saƙo da ake ɗaurawa a kan tukunya, mai batir nata daban, kuma saƙon kan ɗauke na ɗan lokaci idan hannu ya yi nisa ko fitilar kyamara ta haska kusa. Saboda haka da yawan malaman nutso suna ba da shawarar a bar tsohon ma'auni mai allura a jiki a matsayin madogara. Ka tabbatar kuma na'urar aika saƙon ta dace da kwamfutar, domin ta wani kamfani ba lallai ta yi aiki da ta wani ba.

Na uku, fuskarta. Wanda ya haura shekara arba'in ya fara nisanta takarda kafin ya karanta, ya nemi mai manyan lambobi da haske. Ka gwada ta sanye da gilashin nutsonka, ka ga ko za ka gane zurfi da ragowar iska da kallo ɗaya.

Na huɗu, batir da gyara. Ka san ko caji ake yi ko sauyawa, ko za ka iya sauyawa da kanka, da kuma inda za a gyara ta in ta lalace. Na'urar da sai an aika wata nahiya kafin a sauya mata batir za ta daɗe a cikin akwati.

Na biyar, in za ka yi amfani da iskar da aka ƙara wa oksijin, wadda ake kira naitiroks, dole kwamfutar ta karɓi adadin da ka shigar. A nan gargaɗin Paul Bert ke dawowa. Da iska mai oksijin kashi 32, iyakar zurfi kimanin mita 33 ce, ƙetare ta na iya jawo jijjiga a ƙarƙashin ruwa. In ka shigar da adadin da ba shi ba, duk lissafin ya rushe.

A ƙarshe, kowa da tasa. Miji da mata ko abokai biyu kada su yi tarayya a kwamfuta ɗaya, domin tana riƙe da lissafin naitirojin na jikin da ta bi ne kawai. Ka karanta littafinta a gida, kuma ka samu horo daga malami mai shaidar koyarwa kafin ka shiga ruwa da ita.

Abin da kwamfuta ba ta sani ba

Kwamfuta ba ta auna jininka. Lissafin matsakaicin mutum take yi, kamar yadda takardar da ke cikin kwalin magani ke maganar matsakaicin majinyaci. Akwai waɗanda suka bi duk abin da ta ce, amma ciwon ya kama su.

Ba ta san kana da sikila ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai, ganin yawan masu ciwon a ƙasashenmu. Sanyi da ƙishirwa da wahalar jiki suna tayar da shi, saboda haka likitocin nutso suna hana mai sikila shiga. Mai farfaɗiya ma haka, kuma mai juna biyu ta dakata har ta sauka. Mai asma, mai ciwon sukari da ke allurar insulin, mai ciwon zuciya ko wanda huhunsa ya taɓa saɓewa, kada ya nutsa sai likitan da ya san harkar ya duba shi. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana da wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya na sama wadda ba ta rufe ba bayan haihuwa. A kan tudu yawanci ba ta damun kowa, amma tana iya barin kumfa ta tsallake huhu ta shiga jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Ba ta san abin da ka haɗiya da safe ba. Yawancin magungunan hana amai a jirgin ruwa suna sa barci, naitirojin kuwa daga wajen mita 30 tana sa wani irin maye, in suka haɗu hankali kan dushe. Maganin buɗe hanci na iya sakin mutum yana ƙasa, hanyar kunne ta toshe, fitowa ta zama azaba. Mai mura ya haƙura da nutso har ya warke. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna mefulokwin yana iya kawo jiri da ruɗewa, alamomin da kan rikita da na ciwon nutso, don haka ka gaya wa likita za ka yi nutso kafin ya zaɓa maka. Duk sabon magani, ka fara gwada shi a kan tudu. Giya da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara haɗari, mai azumi kuma ya fi masa alheri ya ɗage nutso zuwa wani lokaci.

Sannan jirgin sama. Matsin iska a cikin jirgi ya gaza na ƙasa, tamkar an ƙara sassauta marfin kwalba ne. Shawarar DAN ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki, fiye da haka sosai in nutson ya buƙaci tsayawar dole a hanya. Mai hutu ya bar ranar ƙarshe babu nutso.

Idan ciwon ya zo

Wannan sashe na iyali ne, domin mai ciwon yakan musanta, ya ce gajiya ce. Idan wanda ya yi nutso cikin awa 24 da suka wuce ya fara ciwon kafaɗa ko gwiwa, ko jin mutuwar wani sashe na jiki, ko rauni a ƙafa, ko jiri, ko ƙyallin fata mai kama da zane, ko wahalar fitsari, ko gajiyar da ta wuce misali, a ɗauka ciwon nutso ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. A kwantar da shi, a ba shi oksijin zalla da wuri, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa, a garzaya asibiti. Kada a mayar da shi cikin teku da sunan magani, kada kuma a ba shi maganin ciwo a ce a jira gobe. Maganinsa ɗakin matsi ne, inda ake mayar da shi matsin mita 18 yana shaƙar oksijin, zama ɗaya kan kusan kai awa biyar. A tafi da kwamfutarsa, domin likita zai karanta zurfi da lokaci da saurin fitowarsa daga cikinta.

Tun kafin ka biya kuɗin nutso, ka tambayi inda ɗakin matsi mafi kusa yake, ka kuma ga tukunyar oksijin a cikin jirgin da idonka. Ka fito a hankali, kada ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti, ka tsaya minti uku a mita 5, ka iso sama da ragowar iska a tukunya. Iya ruwa fid da kai. Idan kana shan wani magani kullum kuma kana shirin koyon nutso, ka kawo kwalinsa wurin likita ko mai harhaɗa magunguna ku duba tare kafin tafiya.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kai mu Ya dawo da mu gida lami lafiya.